Toka Uku da Munduwar Kakarmu

Matso kusa, ja tabarma ka zauna. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, yau sai na amayar. Amma kada ta kai Issawane. In ta kai, na san bakin da ya kai ta.

Akwai wata munduwa a hannuna na hagu yanzu haka. Ta tagulla ce, ba azurfa ba, gefe ɗaya ma ya lotse. Ta kakarmu ce, wadda ta haifi babana. Ita ta raine ni a Kanan-Bakashe, kuma da ƙarar munduwar nan nake sanin inda take a cikin gida. In tana dama fura, sai ka ji tana bugun bakin ƙwarya, ƙas, ƙas, ƙas. Har yau in na dama fura na ji wannan ƙara, sai in ga kamar zan waiga in same ta zaune.

Da ta rasu, sai ga taubashina, ɗan ƙanwar babana, ya taso daga Issawane ya ce kaka ta yi mashi alkawarin munduwa tun yana yaro, don in ya haifi ɗiya ya ba ta. Na ce ƙarya yake, ni ta yi wa alkawari. Da manya suka bincika, ashe dukanmu gaskiya muka faɗa. Allah ya jiƙan kaka, ba ta iya cewa a'a ba, kuma ina zaton daɗi take ji in ta haɗa mu.

Ka san tsakanin taubasai babu faɗa sai tsiya. Ni ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, don haka bawana ne, ko da yake ya girme ni, yana da shanu, ni kuwa akuya biyu gare ni. Shekaru muka yi muna sace munduwar nan a tsakaninmu. In ya zo Tasawa cin kasuwa bayan girbi, sai ya lallaɓa ya zare ta daga ƙarƙashin matashi. In an yi biki a dangi, sai in sa hannu a jakarshi in maido abina. Rannan maigidana ya gaji, ya ce mu biyu duk mun yi furfura, mu nemi hanyar da za a raba gardamar nan kowa ya huta.

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni Tasawa, in ka cire biki da ta'aziyya da zuwa likita, ƙafata ba ta wuce bakin titi. Amma hannuna ba ya zama. Tun ina yarinya, in an gama girbi, nakan tara kara in gina 'yan gidaje masu ƙofar da ke rufe kanta, in ɗana wa ɓera tarkon da sai ya bi ɗaki biyu kafin ya faɗa. Kaka kan ba mu tatsuniyar dodon da ke da gida a ƙarƙashin ƙasa, ɗaki cikin ɗaki, ni kuma washegari in gina gidan. Kwanaki ɗiyata ta nuna mani wani wasa a wayar salula, wani ɗan mutum yana yawo cikin kurkukun dodanni yana jan ƙarafa, ƙofofi suna buɗewa, rami yana haɗiye shi. Na ce mata waɗanda suka ƙera wasan nan sun makara, kuma nasu ko toka ba ya zubarwa.

To, sai na ce wa taubashina zan gina gidan dodo a bayan ɗakina, ƙarƙashin itacen bedi, in sa munduwa a ƙuryar ciki. In ya buɗe, tashi ce har shekara ta zagayo. In ya kasa, tawa ce. Wanda ya ci sau uku a jere ya riƙe ta har abada. Shi kuma ya kafa nashi sharaɗi, don ba wawa ba ne. Ya ce dole in ba da labarin dodon a bakin ƙofa, kuma dole hanyar buɗewa ta kasance a cikin labarin, ko da a ɓoye. In ya kasa, in buɗe da hannuna a gaban mutane, kada in je in gina abin da ba ya buɗuwa. Maigida ya ƙara da cewa ba fasawa, ba ɗaga rufi. Ni na kawo maganar toka: ƙoƙo uku cike da tokar murhu, a rataye a reshen bedi daidai kan mai wasa. Duk kuskure ɗaya, ƙoƙo ɗaya ya kife. In na uku ya kife, an gama.

Shekarar farko na gina gida mai tsawon gwiwa da laka da kara, na ja igiyoyi biyar na sarƙe su ta cikin bango. Na manta da wa nake yi. Mutumin da ya tashi a bakin rijiyoyin Issawane, inda sai an ɗaura wa bajimi igiya ya yi tafiya kafin guga ya fito, shi zan ruɗa da igiya? Ya tsuguna, ya taɓa kowace da ɗan yatsa ya ji wadda ke ɗauke da nauyi, ya ja. Ko ƙwayar toka ba ta taɓa hularshi ba.

Shekara ta biyu na bar igiya na koma turaku, 'yan sanduna bakwai da za a zare bi da bi, in ka saɓa jeri toka ta sauko. Wata guda na yi ina gwadawa. Wannan gwajin shi ya kashe ni. Ya zo ya duba, ya ga uku daga cikinsu sun yi sumul saboda yawan taɓawa, har ya sunkuya ya shinshina.

"Uwar ɗakina," in ji shi, "wannan turken ƙamshin daddawa yake yi. Kin taɓa shi kina tsakiyar girki."

Ƙoƙo ɗaya kawai ya kife mashi kafin ya gane jerin. Ya sa munduwa a aljihu, ya ce in ci abinci da kyau in yi ƙarfi, baɗi zai zo ya ƙarasa ni.

Ka ga ke nan saura ɗaya. In ya ci na uku, munduwar kaka ta tafi arewa ke nan, sai dai in gan ta a hannun wata ran biki.

Duk daminar nan ban yi tunanin igiya ko turke ba. Tunanin mutumin na yi. Na ce abin da ya fi ni a kai na sani, to mene ne ba ya iyawa? Ina tankaɗe rannan sai na tuna yadda yake shigowa gidan nan. Tun daga zaure zai kwaso sallama da tambaya a numfashi ɗaya: "Salamu alaikum kuna lafiya ina abin?" Shi ke nan gaisuwarshi. Ba ina gajiya, ba ina yara. Kaka ta sha ja mashi kunne a kan haka, har ta rasu bai gyaru ba. Yakan ce shanu ba sa jiran gaisuwa.

Sai na ajiye rariya.

Ga abin da na gina, ka bi ni a hankali. A cikin rufin gidan na gitta sanda kamar ma'auni. Gefe ɗaya na rataya 'yar gora cike da hatsi, na huda gindinta, na toshe hudar da turke guda wanda kanshi ya leƙo waje ta bango. Ɗaya gefen na ɗaura dutse, na haɗa shi da sakatar ƙofa. Muddin gora na da nauyi, sakata na zaune. In ka zare turke, hatsi ya fara zuba a hankali, gora ta yi ta sauƙi, har dutse ya rinjaye ta ya fizge sakata. Ƙarƙashin gorar na shimfiɗa auduga don kada a ji zubar hatsi, saboda kunnen mutumin nan yana jin tafiyar kiyashi. Sannan na jera igiyoyi huɗu a gaban gida, ja da baƙa da fara da shuɗiya, na yi masu ƙulli masu kyau irin waɗanda ke jan idon mai rijiya. Duk na banza ne. Ko wacce ka ja, toka ta sauko, wani ɗan tsumma kuma ya toshe bakin gora. Abin da ake so kawai shi ne ka zare turke, ka cire hannunka, ka jira.

Jiran nawa? Daidai tsawon gaisuwar mutumin kirki. Don in auna, sai na zaunar da maigida a tsakar gida, in zare turke, mu fara gaisawa kamar mun shekara ba mu haɗu ba. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki, ina ruwa, ina dabbobi, to madalla. In ƙofa ta buɗe da wuri in ƙara hatsi, in ta makara in rage. Mun yi haka ya fi sau goma. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ga muna ta gaisawa da la'asar sakaliya, ta koma ta gaya wa mijinta wai ko dai mun yi faɗa muna shiryawa, ko kuma a fara neman magani. Daga ƙarshe abin ya tsaya a kan hatsi tafi bakwai. Da mun ce madalla, sai sakata ta ce ƙwas.

Da na ga ya yi, sai girman kai ya shige ni. Na ce wannan kunya ba za a sha ta a ɓoye ba. Na gayyaci maƙwabta, na kuma aika wa wani tsoho abokin marigayi surukina, wanda duk unguwa Baba muke ce mashi, ya zo ya zama shaida. Ban tsaya na yi tunani a kan Baba ba. Mutum ne da in ka gamu da shi kan hanyar kasuwa, kafin ya sake ka masu tumatir sun tashi.

Ran kasuwa da hantsi taubashina ya sauka daga mota. Muka ji shi tun daga zaure.

"Salamu alaikum kuna lafiya ina abin?"

Maigida ya sunkuyar da kai yana gyaran hula don kada a ga bakinshi.

Mata sun cika gindin katanga, amma Baba bai iso ba. Taubashi ya ce shi ba zai jira kowa ba, motar komawa ba ta jira. Ya miƙo munduwa, na sa ta a ƙuryar gidan, na rufe, na tsaya na ba da labari. Na ce dodon gidan nan tsoho ne tukuf, ƙafafunshi sun yi nauyi, daga shimfiɗarshi zuwa ƙofa tafiya ce. Ba ya son hayaniya. Baƙon da ya zo, ya zare sandar ƙofa sau ɗaya don dodo ya san an zo, sannan ya yi abin da baƙon kirki ke yi a gidan mutane.

"Baƙon kirki tsaraba yake kawowa," in ji shi. "Ni kuwa ban kawo wa dodonki komai ba. Gafara nan."

Ya taɓa igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina su, mata suka fashe da dariya. Na riga na shafa wa dukansu daddawa. Ya zare turke. Shiru. Bai ko ƙirga uku ba ya ja baƙar igiya. Toka ta sauko mashi a ka, bus, har cikin kunne.

"Sannu, bawa," na ce. "Farar hula ta yi maka kyau."

Aka sa shi ya juya baya, maigida ya tare da tabarma, na mayar da hatsi cikin gora na gyara komai. Karo na biyu ya ce ai jeri ne, ya fara da farar igiya kafin turke. Bus. Yanzu gemunshi da girarshi duk sun yi fari, sai idanu kawai ke motsi. Maƙwabciyata ta ce a kawo mashi sanda, ya zama sa'an Baba.

Saura ƙoƙo ɗaya. Na sake gyarawa. Ya daɗe yana zagaya gidan, ya dawo ya zare turke, ya miƙa hannu zuwa jar igiya. Yatsunshi sun kusa taɓa ta.

"Salamu alaikum."

Baba ne, yana dogara sanda. Ashe tun safe ya fito, gaishe-gaishen hanya ne suka riƙe shi.

Duk rashin haƙurin taubashina, ba zai ga tsoho kamar wannan ya ci gaba da wasa ba. Ya janye hannu, ya cire takalmi, ya durƙusa. Baba ya kama hannunshi da hannu biyu.

"Wa nake gani haka fari fat? Af, ɗan Issawane ne. Ina kwana?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya? Ina hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ina iyali? Ina yara? Yaya ruwa ya yi da ku bana?"

Ni kuwa ina tsaye, ina jin hatsina yana zuba kamar daga cikin jikina yake fita. Na yi tari. Na ce, "Baba, ga tabarma." Ko kallona bai yi ba.

"Ina shanu? Bajimin nan mai karyayyen ƙaho yana nan?"

Ƙwas.

Ƙofa ta buɗe wangale, munduwa na kwance a ciki tana kallon kowa. Wata ta rangaɗa guɗa. Taubashi ya zabura zai miƙe, Baba bai saki hannunshi ba, don bai kai ga tambayar rijiyar gabas da lafiyar mai gari ba. Haka ya ƙarasa gaisuwar, baki na amsa Baba, ido na kan ƙofa.

Da aka sake shi ya yi tsalle. "Na buɗe! Uku ke nan! Kowa ya gani!"

"Ka buɗe da me?" na ce. "Bayanka ka ba ta."

"Wa ya zare turke? Ke ko ni?"

"To faɗi yadda aka yi ta buɗe."

"Wannan ba ya cikin sharaɗi, uwar ɗakina. Cewa aka yi in buɗe, ba a ce in yi wa'azi ba."

Gaskiyarshi ce, ba ya ciki. Mata suka rabu biyu, hayaniya ta tashi. Aka mayar da magana ga Baba, aka kwashe labari aka gaya mashi. Ya zauna, ya gyara sanda, ya ce wanda ya buɗe ƙofa da saninshi ba zai ji tsoron sake buɗe ta ba. Ƙoƙo ɗaya ya rage, a mayar da gida yadda yake, ya sake yi a gabanshi.

Yanzu ga maganar da na ce kada ta kai Issawane.

Da na shiga bayan tabarma ina mayar da hatsi cikin gora, akwai wata tiya, kwanon awo, a gefe da na ajiye da tsabar kaji. Hannuna ya shiga ciki ya ɗebo tafi guda ya ƙara. Ina kallonshi ya yi, ban hana shi ba. Bakwai ta zama takwas.

Taubashi ya zare turke. Wannan karon bai yi gaggawa ba, yana ƙoƙarin tuna abin da ya yi ɗazu. Ya koma daidai inda ya durƙusa, ya sake cire takalmi, ya durƙusa, yana danna ƙasa da gwiwa ko akwai abin da na binne. Har hannu ya miƙa cikin iska kamar yana gaisawa da wani. Mata suna ta faɗuwa don dariya, ni kuwa ina gaisuwa a zuci ina ƙirgawa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida. Na kai wajen ina ruwa, maƙwabciyata ta dafa ni tana magana, na rikice, na koma baya, ban san ko na wuce madalla ko ban kai ba.

"Kai, zaman me nake yi kamar mai jiran gawa?" in ji shi. Ya miƙe ya fizgi jar igiya.

Bus.

Sai sharaɗi na ƙarshe, in buɗe a gaban mutane. Na mayar da hatsin yadda yake, don idanu sun yi yawa, babu damar ragewa. Na zare turke, na juyo na fuskance shi, na gyara mayafi.

"Bawa, ina kwana?"

Ya tsaya yana kallona, toka na zuba daga girarshi.

"Amsa mana. Ina gajiya? Ina gida?"

Ya fara amsawa da ƙyar. Muna kaiwa ina yara na ga fuskarshi ta canza, ya gane. Ya dafe kai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da hawaye, hawayen suna yin hanya cikin toka. Muka kai madalla. Ƙofa shiru. Sai na yi maza na ƙara da ina jakinka, yaya tarin surukarka. Sannan ta ce ƙwas.

Ba wanda ya lura sai mutum ɗaya. Da baƙi suka watse ina shara, maigida ya zo wucewa da buta, ya ce, "Gaisuwar nan ta ƙara tsawo tun bayan da muka auna ta." Na ce lokacin kaka ne, hatsin bana ya fi nauyi. Ya ce haka ne, ya wuce.

Taubashina bai sake neman a yi wasan ba. Ya ce ci biyun da ya tara sun rushe, kuma shi ba zai sake shekara uku yana wanke toka daga kunne ba. Amma bai yarda an ci shi ba, har gobe cewa yake shi ya buɗe, Baba ne ya yi mashi fashi. Duk Juma'a sai ya kira ni a salula, ya fara tun daga ina kwana, ya bi yara ɗaya ɗaya, ya gaishe da akuyoyina da sunansu, ya tambayi lafiyar bedi. In na ce ya isa haka, sai ya ce, "To, ta buɗe?" Abin da kaka ta kasa koya mashi da jan kunne, toka ta koya mashi.

Bara da ɗiyarshi ta zo haihuwa Tasawa ta sauka wajena, na ga tana kallon hannuna in ina dama fura. Na ja ta ɗaki na ce mata in na mutu munduwar nan tata ce, amma ta yi shiru da bakinta. Ɗiyata ma na gaya mata haka.

Tafi na takwas ɗin nan ne kawai ke ɗan tsaya mani a rai wani lokaci. In ya riga ya miƙe kafin madalla, to ban cuce shi da komai ba, rashin haƙurinshi ne ya ci shi. In kuwa ya wuce madalla yana durƙushe, ka san sauran. Ni dai na rikice a ƙirga, maigida kuma ya ce shi dariya yake yi bai ƙirga ba. To kai da ka ji komai daga farko, ka kuma san yadda mutumin nan yake, a ganinka ya kai madalla?